Neman kalma: me za mu kira multiple sclerosis?

Mai Shirin Lafiya: Salam, malamai. Jibi zan naɗi shirin 30 ga Mayu, ranar cutar multiple sclerosis (MS) ta duniya. Na rubuta "shanyewar jijiyoyi", amma zuciyata ba ta kwanta ba. A taimaka.

Likitar Ƙwaƙwalwa: Kada ki yi, Malama. Mai sauraro zai ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce ko shan inna. Garkuwar jiki ce ke far wa kitsen da ke lulluɓe jijiyoyin saƙo a ƙwaƙwalwa, laka da jijiyar gani, kamar a ɓare robar wayar lantarki. Wurin ya warke ya bar tabo. Kusan kashi 85 cikin 100 na masu ita, da farko zuwa take yi ta lafa: ido ɗaya ya dushe, ƙafa ta yi sanyi na makonni, sai abin ya lafa. Ni "zaizayewar rigar jijiya" nake cewa.

Malamin Nahawu: Dakta, wannan ai bayani ne, ba suna ba. Kuma jijiya a wurinmu har ta jini da ta agara. Ga nawa: TABBAI-BARKATAI. Tabo da yawa a wurare da yawa, daidai da abin da likita Charcot ya bayyana a Faransa a 1868.

Ɗan Jarida: Ranka ya daɗe, wanda ya ji tabbai fata zai duba.

Malamin Nahawu: Da aka ce sanƙarau wa ya gane a ranar farko? Kullum sai mun jira Bature ya raɗa wa ciwonmu suna?

Ɗan Jarida: Maleriya da taifod fa? Hausa ta mutu ne?

Likitar Ƙwaƙwalwa: Ku bar wannan tukuna. Malama, kalmar da ta fi damuna "kamuwa" ce, don ba a ɗaukar MS daga wani. Kuma ki raba musabbabi da abin da ke ƙara haɗari. Mata sun ninka maza biyu zuwa uku, galibi tana fara bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40. Ta fi yawa nesa da tsakiyar duniya, irin su Kanada da arewacin Turai, abin da ake dangantawa da ƙarancin rana da bitamin D. Sai shan taba da ƙiba a lokacin balaga. Babba shi ne ƙwayar cuta (virus) mai suna Epstein-Barr: binciken 2022 kan sojojin Amurka sama da miliyan 10 ya nuna haɗarin na ninkuwa sau 32 bayan ta shiga jiki. Amma kusan kowane baligi yana ɗauke da ita, masu MS kuwa kimanin miliyan 2.8 ne a duniya a ƙididdigar 2020. Gado ma ba shi kaɗai ba ne: ko tagwaye masu kama ɗaya, in ɗaya yana da ita, mafi yawanci ɗayan ba ya samu.

Mai Shirin Lafiya: Na gode, Dakta. Zan ce "cutar MS, wato zaizayewar rigar jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa" sau ɗaya, daga nan MS kawai.

Malamin Nahawu: To, shirinki ne. A darasina dai tabbai-barkatai zan ci gaba da rubutawa.