Musayar Baitoci Kan Omagbemi Daga Ikko

'Yar Agege:
Bismillah, 'yan'uwa, na buɗe fage,
Florence Omagbemi nake yabawa.
'Yar Warri ce, ƙungiyar ƙwallon Jegede ta Ikko ta goya ta,
Tana da shekara 16 ta je Sin bugawa.
Gasar duniya huɗu, 1991 har 2003,
Kyaftin ɗin Falcons, ƙungiyar matan Najeriya, tsakiya take tarewa.

Baffan Mile 12:
'Yata, na ji, amma bar ni in tanka,
Ni mai tumatir ne, riba nake dubawa.
Autata ta dame ni in sai mata takalmi,
Ƙwallon mace, me take haifarwa?
A 2016 sun ɗauko kofin Afirka daga Kamaru,
Suka yi zaman dirshan, alawus ɗinsu ana riƙewa.

'Yar Agege:
Baffa, wannan gaskiya ce, kuma ta yi ɗaci,
Sai dai wa ya ja su Yawunde suka yi cinyewa?
Ita ce koci, ci ɗaya mai ban haushi,
Oparanozie ta zura, masu gida na kokawa.
Sau huɗu ta ɗaga shi tana 'yar wasa,
Na biyar daga benci take tsarawa.

Malamin Idi-Araba:
Alhaji, ni gasar duniya ta 1999 ce ba ta barin raina,
A teburin mai shayi muka kwana dubawa.
Brazil ta zura uku tun kafin hutu,
Wasu suka kaɗe riga, gida suke komawa.
Matan nan suka farke ukun cif,
Mu da muka tsaya har hawaye muke sharewa.
Sissi ta Brazil ce ta raba gardama da bugun tazara,
A ƙarin lokaci, muka tashi jiki na mutuwa.
Ranar na daina ce musu 'yan wasan yara,
Kyaftin ɗin nan ba ta san sarewa ba, ko kusa da sarewa.

Inna Mai Waina:
Alhaji, dubi Asisat Oshoala ta Ikorodu,
Musulma ce, iyayenta da farko suna hanawa.
A hannun Omagbemi ta ci shida a Kamaru,
Yau sunanta duk duniya ake kirawa.

Baffan Mile 12:
To Hajiya, kun yi mini taron dangi,
Ranar Asabar Auta za ta yi gwadawa.
Dogon wando, ɗankwali, bayan Islamiyya,
Ni zan kai ta filin, ni zan yi ɗaukowa.