Ɗana zai zana JAMB bai taɓa riƙe kwamfuta ba, ko laburare zai taimaka?

Maman Yara, Ɗorayi:
Assalamu alaikum. Ni tela ce, a gida nake ɗinkina. Babban ɗana ya kammala sakandare, bana zai zana JAMB, jarrabawar shiga jami'a da ake yi a kwamfuta. Kai kam yana ja, alhamdu lillahi, amma a makarantar da ya yi kwamfuta ɗaya ce tak, tana ofis an lulluɓe ta da ƙyalle, ko taɓa ta bai taɓa yi ba. Shekaranjiya ina kan keke ya zauna kusa da ni ya ce, "Umma, tsorona kada in danna wani wuri komai ya goge." Maganar ta tsaya min a rai. Na je wani shagon koyar da kwamfuta, kuɗin da suka yanka min ya haura abin da nake samu a ɗinkin sati biyu.

Wata mai kawo min ɗinki ce ta ce in gwada laburaren Murtala da ke nan Kano, wai ana shirya wa matasa bita a can. Na sha wuce ginin a adaidaita sahu ta titin Ahmadu Bello, ban taɓa shiga ba, don na ɗauka wurin 'yan jami'a ne da manyan ma'aikata. Da gaske ɗan talaka zai iya shiga? Sannan ƙanwarsa tana aji huɗu, har yanzu da ƙyar take haɗa baƙi. Akwai abin da za a yi mata a wurin?

Ɗalibin BUK:
Wa alaikumus salam, Umma. Wurin na gwamnatin jiha ne, na kowa da kowa. A can na yi karatun WAEC ɗina saboda gidanmu hayaniya ta yi yawa. A lokacinmu akwai sashen da ake kira American Corner a cikin ginin, a nan na fara zama gaban kwamfuta mai intanet, kuma sukan shirya bita da tattaunawa. Ya je da kansa ya tambayi ma'aikata abin da ake yi a wannan watan, ya duba allon sanarwa.

Ki kwantar masa da hankali. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, sauran darussa uku 40-40. Ko linzamin kwamfutar ba dole ba ne. A, B, C ko D zai danna ya zaɓi amsa, N ya wuce gaba, P ya dawo baya. S ce kawai zai kiyaye, ita ce ta miƙa jarrabawar, kuma sai ta nemi ya tabbatar kafin ta rufe. Idan da hali ya yi jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kafin ta gaske. Kwana uku yana zama gaban allon, tsoron zai tafi.

Tsohon Hedimasta:
Hajiya, ni maganar yarinyar ta fi damu na. Shi yaron sati guda ya ishe shi. Ita kuwa idan ta shiga aji shida a haka, kunya za ta sa ta fara ɓoye abin, daga nan sai gudun makaranta. Na ga irin wannan ba adadi cikin shekara talatin da biyar da na yi ina koyarwa.

A ƙaramin laburaren garinmu, duk dogon hutu ni da wasu malamai biyu muna tara yara ranar Asabar da hantsi. Tabarma muke shimfiɗawa, don kujerun sun yi musu tsawo. Da Hausa muke farawa, tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi wadda sun riga sun sani a ka, sai yaro ya bi ta da yatsa a takarda. Idan ya kama baƙi da wasali a harshensa, Turancin ba ya ba shi wuya. Ki nemi sashen yara, ki zauna tare da ita ko na rabin awa, kada ki ajiye ta ki tafi kasuwa.

Ga iyayen da karatu ya wuce su kuma, Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano tana nan tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Yaƙi da jahilci bai ƙare ba.

Marubuciya:
Ƙari a kan na Baba: na sha halartar zaman ƙungiyar marubuta ta ANA a laburaren nan, inda kowa ke karanta gajeren labarinsa ko waƙarsa a yi masa gyara. Ba a korar baƙo. Ki kuma riƙe ranar 23 ga Afrilu, ranar littafi ta duniya, da 26 ga Agusta, ranar Hausa. A irin waɗannan ranaku aka fi samun taron da ya dace da yara.

Maman Yara, Ɗorayi:
Allah Ya saka muku da alheri. Yau na rufe keke tun goma muka je mu uku. Wallahi a bakin ƙofa gabana faɗuwa yake, sai ga mai gadi ya amsa sallama ya nuna mana hanya. Yaron ya ce gobe zai koma shi kaɗai. Ita kuwa ta samu wani littafi mai hoton raƙumi ta ƙi sakinsa har muka tashi, ta karanta min layi biyu, ta tambaye ni na uku na kasa.

Baba Hedimasta, ajin manyan nan da ka ambata, ni a aji uku aka cire ni. Suna karɓar mai shekara arba'in da ɗaya? Kuma akwai na yamma, bayan la'asar, don kada ɗinkin mutane ya tsaya?