Tsohuwar rumfar ajiya nake so in mayar ɗakin kaji: ta ina zan fara, wane fenti zan sa?

Uwargida, Rikkos:
Assalamu alaikum. Akwai tsohuwar rumfa a bayan gidanmu, ƙafa 10 a ƙafa 8, bangon katako, rufin kwano, ƙasanta ba siminti. An taɓa yi mata koren fentin mai, yanzu yana ɓarewa. Kaji masu ƙwai nake so in zuba. Guda nawa za ta ɗauka? In toshe ta ruf saboda sanyin Jos? Wane fenti ne ba zai cutar da su ba?

Kafinta, Kasuwar Katako:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ajiye maganar fenti tukuna, shi ne aikin ƙarshe. A fara da soka ƙusa a gindin kowane ginshiƙi. Inda ta shige kamar a tuwo, gara ta gama da wajen. A cire a sa sabon katako mai kauri inci uku a inci huɗu, a ɗora shi kan bulo don kada ya taɓa ƙasa.

Sai daɓe. Kankare mai kauri inci biyu a wannan faɗin zai ci buhun siminti uku, kowane buhu da yashi kwanon leburan gini huɗu da tsakuwa takwas. Ya fi tsakar gida tudu da inci shida, a ɗan karkatar da shi wajen ƙofa saboda ranar wanki, a yi ta ba shi ruwa kwana bakwai. Idan aka bar ƙasa haka, gafiya za ta haƙo ta ciki, damshin Yuli da Agusta kuma zai riƙa tasowa.

Taga: a yanke a bangon kudu da na arewa, daga ƙafa huɗu zuwa sama. Gabas a bar shi a rufe, daga can hadari ke bugowa. A sa ragar waya mai ramin rabin inci. Waccan mai laushi da ake kira wayar kaji, kaji kawai take tsarewa. Ɓera da ƙaramin maciji na ratsa ta, kare kuma yaga ta yake yi. Bakin kwano ya zarce bango da ƙafa biyu.

Wajen kwana, sanda biyu masu tsawon ƙafa 8, a goge kaifinsu, a kafa su ƙafa biyu daga ƙasa. Akwatin ƙwai ƙafa ɗaya ta kowane gefe, ɗaya ga kaji huɗu ko biyar, kuma ya zauna ƙasa da sandar. In ya fi ta tsawo a ciki za su kwana, ki wayi gari da ƙwai cikin kashi.

Mai Fenti, Bukur:
Hajiya, wannan koren da ke ɓarewa shi ya fi damuna. Tsohon fentin mai kan ƙunshi dalma, irin gubar da ta yi ɓarna a Zamfara a 2010. Kaza ba ta barin ɓawo a ƙasa, sai ta tsattsaga, kuma dalmar na iya shiga ƙwai. A shimfiɗa leda, a jiƙa bangon, a kankare da ƙarfe, a tattare a fitar daga gidan. Kada a goge shi a bushe, kada a ƙona shi, a kuma janye yara daga wajen. A yi wannan kafin a zuba kankare.

Ciki: farar ƙasa, irin da ake shafa wa gindin bishiya da bakin titi. A dama ta ruwa-ruwa kamar koko, a jefa gishiri cikin hannu ɗaya a bokiti, a cusa ta da buroshi cikin kowace tsaga, don nan ƙuma ke ɓuya da rana. Tana jiƙe za ki ga kamar ba a shafa komai ba, sai ta bushe take fari. Shafi biyu, a maimaita duk shekara. Mai shafawa ya sa safar hannu, ya kiyaye idonsa, tana cin fata.

Waje: fentin mai, bayan an yi shafin farko na share fage. Tsohon katako na shan fenti, ki tanadi galan biyu masu lita huɗu. A bar kwana ɗaya tsakanin shafi da shafi. In aka yi gaggawa, sama ta bushe ciki ɗanye, sai ya tattare. Kwanon kuma a kankare tsatsa da buroshin waya, a sa jan fentin maganin tsatsa, a bi da fari ko ruwan azurfa saboda zafin Maris.

Nuwamba ta fi dacewa: ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba. A fara da hantsi bayan raɓa ta bushe. In an gama, ƙofa a buɗe mako guda. Muddin hancinki na jin warin fenti, kada kaza ta shiga.

Ɗan Farin Gada:
Ba sai an sha wannan wahalar ba. Baƙin mai na inji a shafe ciki da waje, gara da ƙuma duk sun gudu.

Mai Fenti, Bukur:
Ɗan'uwa, a gindin ginshiƙi ta waje inda bakin kaza ba ya kaiwa, ba zan yi musu ba. A ciki kuwa a'a. Akwai guba a cikinsa, ba ya bushewa, yana ɓata gashi da ƙwai, kuma da wuya fenti ya ƙara kama wannan katakon.

Mai Kaji, Vom:
Kaji 20, Hajiya. Za ta ɗauki 25, amma daga nan sai tsattsagar juna.

Batun toshewa, nan ne mutanen Jos suka fi yin asara. Babbar kaza na jure sanyin Disamba da Janairu, gashinta bargo ne. Abin da ba ta jurewa shi ne iska mai bugunta kai tsaye, da damshi, da warin kashi. In aka rufe ruf, numfashinsu ya hau ya taru a jikin kwano mai sanyi, da asuba ya ɗiɗɗigo kan shimfiɗa. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ke kawo kashin jini da mura. Don haka a yi labulen buhu da ake naɗewa daga ƙasa zuwa sama, da dare a rufe ɓangaren arewa, amma inci shida na can sama a bar shi a buɗe rani da damina. Gwaji mai sauƙi: ki durƙusa daidai tsawon kaza da safe. In ido ya yi yaji, iska ba ta isa ba.

Shimfiɗa, askin katako ko ɓuntun shinkafa, kauri inci huɗu, a juya da manjagara duk kwana biyu ko uku. Ban da garin zarto mai laushi, yana shiga hanci. Ragar nan ta rabin inci tana kuma hana tsuntsayen waje shiga cin abinci, su ne ke yawo da murar tsuntsaye.

Kafin ki karɓi kajin, ki tambayi mai sayarwa rigakafin da aka yi musu, musamman na cututtukan Niyukasil da Gumboro da ƙyandar kaji. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke nan Vom na haɗa su, likitan dabbobi zai tsara miki lokutan maimaitawa.

Uwargida, Rikkos:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam Kafinta, kwanon na da ramukan tsoffin ƙusoshi da yawa. A liƙe ko a canza?

Kafinta, Kasuwar Katako:
Ki shiga da tsakar rana ki rufe ƙofa, duk inda haske ya ɓullo ki yi alama da alli. Ƙananan ramuka a liƙe da kwalta ta sama, kafin fenti. Fallen da tsatsa ta cinye har yana ɓurmawa da yatsa, wannan sai sabo.