Tauraron Baitalami: me masanan gabas suka gani, kuma da wane ilimi suka karanta shi?

Malamar Lahadi, Tumfure (Gombe):

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Ina koyar da ajin matasa a makarantar Lahadi, kuma a makon jiya, muna cikin shirin wasan kwaikwayo na Kirsimeti, wani yaro ɗan aji biyar na sakandare ya yi mini tambayar da har yau ban sami amsar da ta kwantar mini da rai ba. Mun karanta Matiyu sura 2, inda masana taurari suka zo Urushalima daga gabas suna neman sarkin Yahudawa saboda sun ga tauraronsa. Sai yaron ya ce, idan ta hanyar duban taurari mutanen nan suka gane an haifi Yesu, kuma Littafi Mai Tsarki bai zarge su ba, don me muke hana matasa karanta abin da ake rubutawa a intanet game da buruji, wato rukunin taurarin da ake cewa an haifi mutum a cikinsa? Na kawo masa Maimaitawar Shari'a 18, wadda ta haramta duba da sihiri, sai ya ce ya san da ita, amma ba ta amsa tambayarsa ba. Gaskiya ya faɗa.

Ina roƙon waɗanda suka san tarihin abin su taimaka mini. Mene ne ainihin tauraron nan, mutanen Babila ne suka gan shi kamar yadda nake ji ana faɗa, kuma ina ya kamata Kirista ya tsaya a kan wannan magana?

Tsohon Malamin Kimiyya, Kaltungo:

'Yata, ki gaishe mini da yaron nan, domin tambayarsa ta mai hankali ce. Zan yi magana a kan abin da na sani na sararin sama, in bar wa fastoci sashen koyarwa.

Babila, wadda kufanta yake kusa da garin Hilla a Iraƙi ta yau, tana da malamai waɗanda aikinsu ke nan su hau bisa da dare su rubuta abin da suka gani a kan allunan yumɓu. Littafinsu mafi girma a wannan fanni shi ne Enuma Anu Enlil, mai kimanin alluna 70 da alamu kusan 7,000, kuma kowace alama tsarinta ɗaya ne: idan kaza ya faru a sama, to kaza zai faru a ƙasa. Abin lura shi ne, alamun nan ba su shafi auren wane ko kasuwancin wance ba. Sarki suka shafa, da yaƙi, da yunwa, da ambaliya, da amfanin gona. Sun raba duniyar da suka sani gida huɗu, Akkad da Elam da Subartu da Amurru, ita Amurru kuwa ita ce ƙasar yamma, ɓangaren Siriya da Falasɗinu. Har fuskar wata sun raba ta huɗu, ta yadda idan wata ya yi husufi, gefen da ya yi duhu shi ke nuna ƙasar da abin zai faɗa wa. Sarakuna sun ɗauki maganarsu da nauyi ƙwarai. A zamanin Esar-haddon na Assuriya, wanda sunansa ya zo a 2 Sarakuna 19, idan husufi ya nuna mutuwar sarki, sai a ɗora wani talaka a kan gadon sarauta har zuwa kwana 100, a riƙa kiran sarki na gaskiya da sunan manomi, daga baya a kashe talakan domin masifar ta tafi da shi.

A tsarinsu, Mushtari (Jupiter) shi ne tauraron Marduk, babban gunkin Babila, kuma shi aka fi dangantawa da sarauta. A shekara ta 7 kafin haihuwar Almasihu, Mushtari da Zuhal (Saturn) sun kusanci juna sau uku a cikin burujin Kifi, a ƙarshen Mayu, da wajen ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, da kuma farkon Disamba. Haɗuwarsu sau ɗaya takan zo duk bayan kimanin shekara 20, amma sau uku a jere ba kasafai ba. Dalilinsa kuwa shi ne duniyarmu ta fi su sauri wajen kewaya rana, saboda haka idan ta zo wuce su sai mu ga kamar sun tsaya sun koma da baya, kamar yadda fasinjan ƙaramar mota yake ganin tirela tana ja da baya idan an wuce ta a hanyar Gombe zuwa Yola. Johannes Kepler, masanin Jamus, shi ne ya yi lissafin wannan haɗuwa a farkon ƙarni na 17.

Kada shekarar ta ruɗe ki. Sarki Hirudus ya mutu a shekara ta 4 kafin Almasihu bisa lissafin yawancin masana tarihi, Yesu kuwa an haife shi Hirudus yana da rai, har ya ba da umarnin kashe yara masu shekara biyu zuwa ƙasa. Lissafin shekaru daga haihuwar Almasihu da muke amfani da shi wani malamin zuhudu ne mai suna Diyonisiyus ya tsara shi a shekara ta 525, kuma ya kuskure da 'yan shekaru. Ni dai da idona na ga irin wannan haɗuwa a ranar 21 ga Disamba, 2020, bayan faɗuwar rana, ta cikin ƙurar hunturu, kuma na fahimci abin da zai sa mutum ya ɗaura sirdi.

Ɗalibin Tauhidi, Yelwa (Bauchi):

Baba, Allah ya ƙara muku lafiya. Ina neman afuwa, amma akwai wuraren da bayanin nan yake ɗingishi, kuma gara Malama ta ji su daga gare mu kafin yaron ya tono su da kansa.

Haɗuwar da kuka gani a 2020 ta fi ta shekara ta 7 kusanci nesa ba kusa ba. A waccan tsohuwar, tazarar da ke tsakanin taurarin biyu ba ta taɓa raguwa ƙasa da kimanin digiri ɗaya ba, wato faɗin wata biyu a jere, don haka babu mai lafiyar ido da zai ɗauke su tauraro ɗaya, alhali Matiyu tauraro ɗaya ya ambata. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, an tono allunan Babila masu ɗauke da lissafin taurari na wannan shekara kanta, kuma sun nuna cewa Mushtari da Zuhal suna cikin burujin Kifi, amma ba su ware haɗuwar a matsayin wani abin mamaki ba. Maganar da ake yawan ji a wa'azi, wai Kifi burujin Yahudawa ne, ba daga allunan Babila ta fito ba. Wanda aka fi jingina ta gare shi shi ne malamin Yahudawa Ishaku Abarbanel, wanda ya rayu a ƙarni na 15, kusan shekara 1,500 bayan abin ya faru.

Sannan Matiyu bai ce Babila ba, gabas kawai ya ce. Kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita, magoi, asalinta sunan firistocin Farisa ne, daga baya aka riƙa kiran masu ilimin taurari da fassarar mafarki da ita. Babila tana iya zama, tun da har wajen shekara ta 75 bayan Almasihu ana rubuta allunan taurari a can, amma Farisa ma tana iya zama.

Akwai kuma wasu taurarin da ake kawowa. Mushtari da Zahra (Venus) sun haɗu har suka zama kamar ɗaya a ranar 17 ga Yuni, shekara ta 2 kafin Almasihu, a burujin Zaki, sai dai a lokacin Hirudus ya riga ya mutu idan aka bi lissafin da Baba ya kawo. Masanan Sin sun rubuta wani tauraro mai wutsiya da aka gani sama da kwana 70 a shekara ta 5 kafin Almasihu. Kowanne yana da inda ya dace da inda ya kauce. Abin da babu ɗayansu da ya iya warwarewa shi ne aya ta 9 ta Matiyu 2, inda tauraron ya yi musu jagora har ya tsaya bisa inda yaron yake. Baitalami kimanin kilomita 9 ce kudu da Urushalima, taurari kuwa daga gabas zuwa yamma suke tafiya a cikin dare, kuma abin da yake can ƙololuwar sama ba ya nuna gida ɗaya ya bar na maƙwabci. Shi ya sa Yohanna Kirisostom, shahararren mai wa'azi na ikilisiyar dā, tun a ƙarni na 4, ya ce wannan ba tauraro ba ne irin wanda muka sani, wani iko ne da ya ɗauki kamannin tauraro.

Tsohon Malamin Kimiyya, Kaltungo:

Ɗana, na karɓi gyaranka a kan Kifi da kuma tazarar digiri ɗaya. Abu guda zan ƙara. Kalmar da aka fassara mana da "a gabas" a aya ta 2, masana Helenanci da yawa suna karanta ta da ma'anar "a fitowarsa", wato ranar da tauraro ya fara bayyana da asuba bayan ya daɗe ɓoye a cikin hasken rana. Wannan fitowa, da kuma tsayawar tauraro kafin ya juya, su ne daidai abubuwan da malaman Babila suke rubutawa a allunansu. Ban ce wannan ya tabbatar da komai ba, amma yana nuna cewa harshen labarin harshen masu sana'ar ne. Tsayawa a kan gida ɗaya kuwa, ban da abin faɗa, kimiyyata ba ta kai nan ba.

Fasto Mai Ritaya, Billiri:

Na ji daɗin abin da ku biyun kuka kawo, amma Malama tana da yaro da yake jiranta ranar Lahadi, kuma amsarsa tana cikin surar da suka karanta. A sake bin tafiyar a hankali. Ilimin masanan nan ya gaya musu an haifi sarki, sai suka yi abin da hankali ya ba su, suka nufi fada a babban birni, kuma suka faɗa hannun mutumin da ya fi kowa son kashe yaron. Iyakar inda karatun taurari ya kai su ke nan. Sunan Baitalami bai fito daga sama ba, daga littafin annabi Mika sura 5 ya fito, lokacin da Hirudus ya tara manyan firistoci da malaman Attaura ya tambaye su. Hanyar komawa gida ma ba tauraro ne ya nuna musu ba, a mafarki aka gargaɗe su.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: me ya sa baƙi za su damu da sarkin wata ƙaramar al'umma har su yi masa sujada? Yahudawa suna zaune a Babila tun daga bautar talala ta zamanin Nebukadnezzar, kuma da yawansu ba su koma ba. Daniyel 2:48 ta ce an naɗa Daniyel shugaban dukan masu hikima na Babila. Littafin Ƙidaya 24:17 kuma yana ɗauke da annabcin Bal'amu, shi ma mutumin gabas kuma mai duba, cewa tauraro zai fito daga Yakubu. A ganina, mutanen nan sun riga sun ji alkawarin daga bakin maƙwabtansu Yahudawa kafin su ɗaga kai sama, ko da yake wannan fahimtata ce, ba abin da Matiyu ya rubuta ba.

Littafi Mai Tsarki bai ƙi duban sama ba. Farawa 1:14 ta ce an yi haskoki domin alamu da lokatai, kuma iyayenmu a ƙasar Tangale suna lura da Kaza da 'Ya'yanta da sauran taurari domin sanin lokacin aikin gona, ba wanda ya kira wannan zunubi. Abin da ya ƙi shi ne a mai da taurari masu riƙe da rabon mutum. Irmiya 10:2 ta hana jin tsoron alamun sama kamar yadda al'ummai suke yi, Ishaya 47 kuwa Babila kanta take yi wa ba'a, tana cewa masu duban taurarinta su tashi su cece ta in za su iya. Abin da yaron yake karantawa a wayarsa jikan wancan ne, domin a Babila aka fara raba buruji goma sha biyu, kuma mafi tsufan allon da ya duba ranar haihuwar mutum ɗaya na shekara ta 410 kafin Almasihu ne. Augustin, bishop ɗin Hippo a arewacin Afirka, ya amsa irin wannan tambaya da cewa ba tauraron ne ya ƙaddara wa Almasihu haihuwarsa ba, haihuwarsa ce ta sa tauraron ya fito. Ki gaya wa yaron cewa Allah ya yi wa mutanen nan magana da harshen da suke ji, kamar yadda ya yi ta bakin jakar Bal'amu, kuma wannan bai sa muke zuwa wurin jakuna neman shawara ba.

Malamar Lahadi, Tumfure (Gombe):

Na gode, Baba Fasto, na gode, Baba Malam, da kai ɗan'uwana. Zan sa yaron ya karanta surar da kansa ya ƙirga mini abin da tauraro ya faɗa musu da abin da Nassi ya faɗa musu. Saura abu ɗaya: a wasanmu muna da sarakuna uku a gaban komin dabbobi tare da makiyaya, yanzu kuwa na lura aya ta 11 cikin gida ta ce suka shiga. Daga ina sarakuna ukun suka fito?

Ɗalibin Tauhidi, Yelwa (Bauchi):

Malama, adadin uku daga kyautai uku aka ciro shi, zinariya da lubban da mur, amma Matiyu bai faɗi yawan mutanen ba, har ma Kiristocin Siriya na dā goma sha biyu suke ƙirgawa. Sarautar kuwa daga baya aka ɗora musu, saboda Zabura 72 da Ishaya 60 sun yi maganar sarakuna masu kawo kyautai. Makiyaya da komin dabbobi na Luka sura 2 ne, a daren haihuwa, su kuwa masanan daga baya suka iso. Idan yaran da suke son fitowa sun yi miki yawa, kina da damar ƙara masana har su kai goma sha biyu, sai dai ki ɗinka musu rawani maimakon kambi.