Talabijin ɗin kayan ɗakin 'yata: in biya ƙarin garanti ko in haƙura?

Uwar amarya, Badarawa:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema. In Allah ya kai mu, bayan Babbar Sallah za a ɗaura auren 'yata ta fari, saura wata biyar ke nan. Ina ta haɗa kayan ɗaki a hankali, gado da kujeru suna wajen kafinta, kayan kicin ma mun yi nisa. Talabijin ne ya tsaya min a rai.

Na zaga shaguna a titin Ahmadu Bello a nan Kaduna, na kuma shiga babbar kasuwa. A wani shago an nuna min mai inci 43 na wani sanannen kamfani, da garantin shekara ɗaya, suka ce in na ƙara kusan kashi ɗaya cikin goma na kuɗin za su cika min shekara uku. A cikin kasuwa kuma na ga mai suna iri ɗaya, girma ɗaya, kuɗinsa ƙasa sosai, amma babu katin garanti, mai shagon ya ce in ya ba da matsala cikin sati biyu in dawo da shi. Ɗan maƙwabciyata kuwa cewa yake in sayi ɗan Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da shi daga waje, wai ya fi sababbin yanzu ƙarko.

Abin da ya sa nake jin tsoro, nawa na falo wata goma sha huɗu kacal ya yi. Daminar bara aka yi ruwa da tsawa cikin dare, da safe ko 'yar jar wutar nan ba ta kawo ba. Na koma inda na saya aka ce garanti ya ƙare da wata biyu. Har yau abin yana yi min ciwo. Ba na so yarinya ta shiga gidan miji ta fara da ɗaukar talabijin zuwa wajen gyara. Wanne zan saya, kuma ƙarin garantin nan yana da amfani?

Wata uwargida, Malali:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Ni dai na kasuwar nan marar kati ki bar shi, araha ba ta ado. Nawa LG ne, ya haura shekara shida, ban taɓa kai shi gyara ba. Ƙanwata kuma Hisense take da shi, ita ma shiru.

Mai gyaran talabijin, Tudun Wada:

Hajiya, Allah ya sa albarka a auren. Bari in fara da naki da ya mutu, domin a nan amsar take. Yadda kika kwatanta, ruwa da tsawa, safiya ta yi babu ko 'yar jar wuta, tsawa ce ta shige shi. Ko dai ta biyo wayar lantarki ta ƙona bod ɗin wuta, ko ta biyo wayar dish ta ratsa dikoda ta shiga babban bod ta ramin HDMI. To ki sani, ko da garantinki bai ƙare ba, da wuya su gyara miki kyauta. Ki samu kowane katin garanti ki sa a karanta miki ƙananan rubutun da ke baya. Kusan duk za ki ga sun cire tsawa, sun cire wutar da ta zo da ƙarfi, sun cire fashewar gilashi, sun cire shigar ruwa, sannan in wani mai gyara irina ya riga ya kwance shi, shi ke nan sun zare hannunsu. Garanti na laifin da ya taho daga kamfani ne.

Ni kuma abin da nake gani a kan teburina kullum, yawancinsa wuta ce da tsawa. Daga watan Mayu zuwa Oktoba shagona cika yake. Sai kuma masu janareta, a tayar da inji talabijin yana jone, ko mai ya ƙare injin ya yi ta shaƙewa yana sama yana ƙasa kafin ya mutu. Sai yara da suka jefi gilashi da rimot ko ƙwallo. Duk waɗannan ƙarin garanti ba ya ɗaukarsu.

Ciwo ɗaya ne na san garanti yana ɗauka kuma yana yawan faruwa, shi ne mutuwar fitilun baya. Waɗannan sirara da muke kira filasma, yawancinsu ba filasma ba ne, LED ne. Ainihin filasma manyan kamfanoni sun daina yinsa tun wajen 2014. LED yana da jerin ƙananan fitilu a bayan gilashin, su ke haska hoton. In suka mutu sai ki ji magana amma fuska baƙi ƙirin, in kika haska tocila a jikin gilashin za ki ga hoton yana motsi dishi-dishi. Wannan gyara ne da muke yi a nan Kaduna cikin yini ɗaya ko biyu in akwai kayan, kuma a mai inci 43 ba kasafai kuɗinsa yake wuce abin da suke neman ki ƙara ba. Akwai ma dabarar tsawaita ransu: a shiga saitin hoto a rage hasken fitilun baya, kada a bar shi a ƙure yadda ake barinsa a shago don ya ja ido.

Don haka da ni ne, kuɗin nan zan sayi gad mai kyau, wannan da ake jonawa a soket kafin talabijin. In wuta ta yi yawa ko ta yi ƙasa sai ya yanke, in aka kawo wuta kuma sai ya ɗan jira kafin ya saki. In unguwar da za ta zauna wutarsu ba ta da ƙarfi, a haɗa da sitabilaiza. Amma ki ja kunnen amarya da kyau, babu gad ɗin da ke tare tsawa in ta sauka kusa. Da hadari ya haɗo, a zare filogi daga bango, a zare wayar dish. Kashewa da rimot ba ta wadatar ba.

Ɗan Beljiyam kuma, ban ce babu na kirki ba, amma ba ki san shekara nawa fitilunsa suka yi suna ci ba. In kuma tsohon filasma ne na gaske, yana shan wuta ninki biyu ko uku na LED mai girmansa, ga zafi. Ba kayan amarya ba ne.

Wani ma'aikaci, Barnawa:

Malam mai gyara ya yi bayani mai kyau, amma ina da ɗan ja. Ni ƙarin garanti ya yi min rana. Mai inci 55 na saya, a wata na ashirin wasu layuka suka fito daga sama har ƙasa. Aka duba aka ce gilashin ne kansa, kuma kowa ya san canjin gilashi kusan kuɗin sabo ne. Da ban biya ƙarin nan ba da na yi asarar gaba ɗaya. Sai dai gaskiya na sha jira, sati bakwai talabijin yana hannunsu, sai da aka tura shi wani gari, ni na biya kuɗin motar kai shi shagon da dawo da shi. Amma dai an canza.

Mai gyaran talabijin, Tudun Wada:

Gaskiyarka ne Yallaɓai, in gilashi ya lalace da kansa ba mu da abin yi, kuma a babba mai tsada irin naka lissafin ya sha bamban. Wanda zai sayi inci 55 ko 65 ba zan hana shi ba, in dai takardar ta fito daga kamfanin ko babban dilansu. Ta Hajiya ce nake dubawa, inci 43, kuma ba mu ma san wa ke ba da ƙarin ba, kamfani ne ko mai shago.

Tsohon yaron shago, Kawo:

Mama, wannan tambayar ta ƙarshe ita ce gaba da komai. Na yi shekaru ina sayar da kayan lantarki kafin in koma wata sana'a. Ƙarin garanti iri biyu ne. Akwai na kamfani, mai kati da lambar talabijin a jiki, wanda duk ofishin gyaransu kika je za su karɓa. Akwai kuma na mai shago, wanda alƙawari ne kawai tsakaninki da shi. In ya tashi daga wurin, ko ya canza sana'a, ko ya rasu, maganar ta bi ruwa. Ki tambaye su abu uku kafin ki ciro ko sisi: wa zai gyara, a ina, kuma in bai gyaru ba sabo za a ba ni ko kuɗi? Su rubuta, su buga hatimi. In suka fara kame-kame kin samu amsarki.

Na kasuwar nan mai araha kuma, ina zargin jabu ne. Ana shigo da talabijin marasa suna a liƙa musu tambarin babban kamfani, har da kwali mai kyau. Hanyar ganewa ba wuya. Lambar da ke jikin kwali, da wadda ke kan takardar bayan talabijin, da wadda za ki gani in an shiga saiti wajen bayanin na'urar, dole su zama ɗaya. Samsung na gaske mai intanet tsarinsa Tizen ne, LG kuma webOS. In kika ga an rubuta Samsung ko LG a goshi amma ciki Android ne irin na waya, ki ajiye musu kayansu. Ki tafi da awo ma. Inci daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, gilashin kaɗai ban da baki, mai 43 zai ba ki wajen santimita 109. Na sha ganin mai 40 a kwalin 43.

Kada ki yarda a ce kwali a rufe yake ba a buɗewa. A buɗe a gabanki, a kunna, a sa hoto fari fat, a sa baƙi, a sa ja da kore da shuɗi, ki matso ki duba ko akwai ɗigon da ba ya canza launi ko wani gefe da ya fi duhu. A gwada kowane rami na HDMI da USB, a ƙure murya ki ji ko tana rawa. In kin kai gida kika ga tsaga, cewa za a yi a hanya kika fasa.

Sai abu ɗaya da ban ga an taɓo ba. Garanti daga ranar da ke kan rasit yake fara ƙirga, ba daga ranar da aka fara kallo ba. In kika saya yau, biki saura wata biyar, amarya za ta tare da saura wata bakwai kawai, alhali laifin kamfani a watannin farko na aiki ya fi bayyana.

Uwar amarya, Badarawa:

Innalillahi, wallahi wannan bai taɓa zuwa min a rai ba. Ni tsoron tashin farashi ne ya sa nake son in saya yanzu in ajiye. To ɗana, yaya zan yi?

Tsohon yaron shago, Kawo:

Hanya biyu ce Mama. Ko ki ajiye kuɗin sai saura sati biyu ko uku a yi jere, ko in kina tsoron farashi ki saya yanzu amma kada ki bar shi a kwali. Ki kafa shi a ɗakinki ki riƙa kunnawa kullum na 'yan awanni, in da laifi ya fito tun garanti na da sauran rai. Ki adana kwalin da farin soson ciki don ranar kai kaya. A ɗauke shi a tsaye, kada a kwantar, kada a ɗora masa komai. A hayaniyar ranar jere ake fasa da yawa, ki ba mutum ɗaya amanarsa.

Wata malamar Islamiyya, Unguwar Sarki:

Hajiya, ƙari a kan abin da aka faɗa, akwai fuskar addini. Garantin da ya zo tare da kaya a cikin ciniki ɗaya malamai ba su cika ganin matsala a kansa ba. Wanda ake saya daban da kuɗi na musamman shi ne aka yi saɓani, domin wasu na ganin ya yi kama da inshora, ka biya kuɗi a kan abin da ba ka san zai faru ko ba zai faru ba. Wasu kuma sun sauƙaƙa in an haɗa shi da kayan a lokacin saye. In zuciyarki ta karkata ga biya, ki fara tuntuɓar malamin da kika natsu da shi.

Wani ɗalibin lauya, Kabala:

Mama ki riƙe rasit da kyau, ki ɗauki hotonsa a waya domin irin na inji yana gogewa cikin 'yan watanni. A rubuta samfurin talabijin da lambarsa da kwanan wata a jiki. Akwai dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, da FCCPC, hukumar tarayya mai kare masu saye, da ke karɓar koke. Rubutun nan da ake yi a ƙasan rasit cewa kayan da aka saya ba a dawo da su, bai shafe haƙƙinki ba in kayan sun zo da aibi. Amma ba rasit ba magana.

Uwar amarya, Badarawa:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru sosai. Saura ɗaya. Gidan da za ta zauna a Rigasa ne, ɗaki da falo, angon yana da ƙaramar sola. Yarinyar tana ta cewa mai intanet take so, mai 4K. Ya dace?

Mai haɗa sola, Rigasa:

Anti, in dai ƙaramar sola ce, 43 ya isa, kada a wuce haka. A juya bayan talabijin a duba lambar da ke kusa da W, wato watt, ita ce yawan wutar da yake sha. Masu wannan girman galibi ba sa kai 100, masu inci 32 kuma wajen rabin haka. A nuna wa wanda ya haɗa solar lambar kafin a biya.

Maganar 4K kuma, ɗigon hotonsa 3840 ne a kwance 2160 a tsaye, ninki huɗu na Full HD mai 1920 da 1080. Amma sai abin da ake kallo ya zo da wannan ingancin. Arewa24 da NTA da sauran tashoshin da muke kamawa a dish da StarTimes ba sa zuwa a haka, kuma kallon 4K ta intanet yana cinye data kamar wuta a ciyawa. A falo ƙarami, a inci 43, Full HD ya wadatar. In bambancin kuɗin kaɗan ne a ɗauka, in da yawa ne a bari. Mai intanet ɗin dai a saya mata tunda tana so, za ta riƙa tura abu daga waya. In za a kafa a bango a bar ɗan fili a baya iska ta riƙa shiga, lokacin hunturu kuma a riƙa rufe shi da ƙyalle in an kashe ya huce, saboda ƙura.

Uwar amarya, Badarawa:

Na gode ƙanena. Ga abin da na yanke. Na fasa na kasuwa, na fasa Beljiyam. Ranar Asabar zan koma shagon farko da yayan amaryar, mu yi musu tambayoyin nan uku. In ƙarin na mai shago ne ba zan biya ba, kuɗin zai tafi a gad guda biyu, ɗaya nata ɗaya na firji. Saye kuma sai azumi ya wuce, in kafa shi a ɗakina ya yi aiki kafin jere. Malam na Tudun Wada, nawa da ya mutu yana nan a bayan kujera cikin zani, ban yar ba. Yana da sauran amfani?

Mai gyaran talabijin, Tudun Wada:

In gilashin bai fashe ba yana da shi, Hajiya. Sau da yawa bod ɗin wuta ne kaɗai, a canza ya tashi. Ki sa a kawo shi a tsaye a cikin Keke Napep, wani ya riƙe, a haɗo da rimot da dikodar ita ma a duba ta.