Bes ɗina na ƙugi a kan janareta, maiku kuma na jan leɓe: babban amf zan saya?

Ɗan Tumfure:
Barkanmu da war haka, 'yan'uwa makaɗa. Shawara nake nema kafin in ɓarar da kuɗi. Jitata bes ce mai tsirkiya huɗu, ƙirar Jazz mai fikof biyu, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya, ba ta aiki da batir. Amf ɗina, akwatin da ke ƙara wa jitar sauti, wat 100 ne, sifika ɗaya mai inci 12. A ɗakin gwaji nan cikin Gombe komai lafiya lau. Amma da an fita biki an ɗora kaya a kan janareta, sai ƙugi ya cika lasifikoki. Bes ɗin kuma ɓacewa yake yi a fili, ko na ƙure LOW, maɓallin ƙasan sauti, ba a jin abin da nake kaɗawa. Na uku, in ina riƙe da tsirkiya na kai baki maiku zan yi amshi, sai wuta ta tsikare ni a leɓe. Muna da bukukuwa a Kaltungo cikin Disamba, duk a fili. Ana tallata mini amf mai wat 200. Shi ne maganin?

Mai Kibod na Bolari:
Riƙe kuɗinka tukuna. Ninka wat daga 100 zuwa 200 desibel 3 kawai yake ƙarawa, ɗan motsi ne wanda a fili ba kowa zai lura da shi ba. Kafin kunne ya ce sauti ya ninka, sai ƙarfi ya kai kusan ninki goma. Kuma sabon amf zai yi ƙuginsa yadda wannan yake yi.

Injiniya Mai Miksa:
Ƙanena, ka jera matsalolinka a juye. Ta ukun ita ce ta farko, domin ita ce take kisa.

Tsirkiyarka a haɗe take da gadar jita, gadar a haɗe da jak, inda ake soka wayar jita, jak ɗin a haɗe da ƙarfen jikin amf. Ragar maiku kuwa a haɗe take da jikin miksa, na'urar da ke tattara sautin kowa ta aika wa lasifikoki. In akwai bambancin wuta tsakanin jikin amf da jikin miksa, to da ka taɓa su biyun kai ne ka zama wayar da ta haɗa su. Yawancin kayan yanzu suna ɗan yoyon wuta zuwa jikinsu, wayar ƙasa ce take kwashe ta. In babu wannan wayar, mita takan nuna kusan rabin wutarmu ta 230 a jikin na'ura.

Kada ka sake gwadawa da leɓe. Samo mita, juya ta kan AC, ɗora tsinke ɗaya a tsirkiya, ɗayan a ragar maiku, komai a kunne. Ya kamata ta tsaya kusa da sifili. In ta nuna gomomi, a kashe kaya a bi hanyar wutar.

Fara da fulogin amf. Kwance shi ka leƙa: waya mai ruwan ƙasa ita ce mai wuta, tana zuwa wajen fiyus, shuɗiya tana ɗaya gefen, mai kore da rawaya kuma ita ce ke hawa doguwar ƙafar sama. Sau da yawa za ka tarar an gutsure ta an cusa ciki, ko nocin da ke matse ta ya kwance. Daga nan ka koma kan ekstenshin. Mai rami uku ba lallai ne yana da waya uku a ciki ba. Akwai na kasuwa da yawa da ramin saman ado ne kawai. Zare shi daga wuta, sa mita a kan wurin da take kuka in waya ta haɗu, taɓa doguwar ƙafar fulogi da ramin saman kowane soket. In ba ta yi kuka ba, wannan ekstenshin na cajin waya ne, ba na dandali ba. Ku haɗa naku da waya mai jijiya uku, kauri 2.5, kuma a warware ta gaba ɗaya daga nannaɗi, don in tana nannaɗe tana ɗaukar kaya zafi take yi.

Sai janaretan kansa. A jikinsa akwai noti mai alamar ƙasa. A kafa sandar jan ƙarfe mai tsawon ƙafa huɗu aƙalla, a haɗa ta da wannan notin da waya mai kauri. Cikin Disamba ƙasarmu a bushe take ƙayau, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta da kyau, don haka a zuba bokitin ruwa a gindin sandar, a ƙara in biki ya yi tsawo. Mai gyaran wuta ya sa muku na'urar RCD mai 30mA, wadda ke yanke wuta in ta yi yoyo, a bakin layin dandali, ya kuma tabbatar tana faɗuwa a kan wannan janaretan, saboda ƙananan janareta da yawa ba a haɗa shuɗiyar wayarsu da jiki ba, a haka kuwa na'urar ba lallai ta yi aikinta ba. Soson da ake sa wa maiku ɓoye matsalar yake yi kawai.

Kafin mu taɓa maganar ƙugi, faɗa mana: yaya kake kai sauti miksa, kuma daga ina amf ɗinka yake shan wuta?

Ɗan Tumfure:
Na gode, Oga. Daga LINE OUT, ramin fitar da sauti na amf, nake jan wayar jak mai kamar mita goma zuwa miksa. Miksa da manyan lasifikoki suna kan ekstenshin ɗaya, ni kuma duk inda na ga soket kusa nake sokawa, wani lokaci layin da fitilu da firiza suke. In na zare wayar miksa ƙugin yakan ragu ƙwarai, ragowar kuma tana lafawa in na dafa tsirkiya. Wani ya ce in karya doguwar ƙafar fulogin amf, wai shi ke nan.

Injiniya Mai Miksa:
Kul! Ƙugin zai iya tafiya, amma ranar da wata waya ta kwance a cikin amf ta taɓa jikinsa, fiyus ba zai ƙone ba, wutar za ta jira hannunka ne a kan tsirkiya.

Ƙugi biyu gare ka. Babban, wanda ke tafiya in ka zare wayar miksa, daga hanyar ƙasa biyu yake: amf da miksa sun haɗu ta wayar sauti, sun kuma haɗu ta wayar wuta, sai wuta mai bugun 50 a daƙiƙa ta riƙa zagayawa tsakaninsu. Maganinsa biyu ne a tare. Duk kayan sauti su sha daga layi ɗaya, fitilu da firiza su koma nasu, in da hali ma janareta daban, don duk tashin kwamfuresar firiza sai an ji ƙas a lasifika. Sannan ka sayi akwatin DI, ɗan akwatin da ke shiga tsakanin amf da miksa. Gajeriyar wayar jak daga LINE OUT zuwa INPUT na akwatin, daga akwatin kuma wayar XLR, mai ƙafa uku irin ta maiku, zuwa miksa, sai ka danna maɓallin GROUND LIFT da ke jikin akwatin. Abin da maɓallin yake yankewa ƙafa ta ɗaya ce ta XLR, wato ƙasar wayar sauti, bai taɓa wayar kariya ba. Irin wanda ba ya cin batir, mai taransifoma a ciki, shi ya dace da wannan haɗin. Behringer DI400P yana yi, mai hali kuma Radial JDI. Duba bayan amf ɗinka ma, wasu suna zuwa da XLR da wannan maɓallin nasu na kansu. Wayar jak in ta wuce mita shida ta fara kwasar hayaniya, XLR kuwa sai ta yi talatin ba ta damu ba.

Baba Mai Gyaran Jita, Yelwan Bauchi:
Ɗana, ƙaramin ƙugin nawa ne. Tun 1960 da Fender ya fito da Jazz Bass halinsa ke nan: kowane fikof shi kaɗai yana kama ƙugi, amma an naɗe su ne saɓanin juna, in ka buɗe maɓallan ƙara biyun daidai wa daida sai su kashe na juna. Buɗe duka biyun har ƙarshe ka saurara. In ka rage ɗaya don neman wata murya, ƙugi zai dawo, ba lalacewa ba ce.

Lafawar da yake yi in ka dafa tsirkiya tana nuna wayar da ke ƙarƙashin gada lafiya take, rufi ne babu a ramin kayan wuta. Cire farantin maɓallan, liƙe ramin da tef ɗin jan ƙarfe, kowane yanki ya hau kan ɗan'uwansa, ka yi haka a ramukan fikof, sannan ka ja 'yar waya daga tef ɗin ka liƙa ta da dalma a bayan maɓallin ƙara. Kula kada bakin jak mai ɗauke da sauti ya taɓa tef ɗin, in ya taɓa jitar shiru za ta yi gaba ɗaya. In kuwa wata rana ka ga ƙugi ƙaruwa yake in ka dafa tsirkiya, to an juya wayoyin jak ne wajen gyara.

Tunda hunturu ya shigo, duba wuyan jitar ma. Iskar nan tana busar da katako, galibi wuya ya ɗan lanƙwaso gaba, tsirkiya ta yi nisa, mutum ya yi ta dambe da ita. Danne tsirkiyar E a firet na farko da na ƙarshe, wato ƙarafan da ke gicce a wuyan jita, leƙa tazarar da ke kan na takwas. Wajen 0.3mm ake so, wato bai kai rabin kaurin katin ATM ba. In ta wuce, sassauta tsirkiyoyi, sa alanki daidai bakin nocin ƙarfen cikin wuya, juya dama kwata ɗaya kawai, ɗaure, ka bar ta ta kwana kafin ka ƙara. In ya cije kada ka tilasta. Da damina za ka iya buƙatar mayar da shi. Kuma a hanyar Kaltungo jita ta zauna cikin mota tare da mutane, ba a but ba, ba kuma saman kaya a rana ba.

Mai Kibod na Bolari:
Saura ɓacewar sauti. A ɗaki bango ne yake dawo maka da ƙasan sauti, a fili babu mai dawo da shi. Tsirkiyar E a sake wajen 41Hz take, sifika ɗaya mai inci 12 ba za ta tura wannan ga taron biki ba. Ƙure LOW cinye ƙarfin amf yake yi a wurin da ba a ji, ƙarshenta ma ya yaga sifikar. Mayar da LOW tsakiya, ƙara MID, don abin da kunne yake kamawa ya gane waƙa yana tsakanin 200Hz da 800Hz ne. In akwai maɓallin CONTOUR ko SHAPE, kashe shi, tsakiyar yake ƙwaƙulewa. Ka kuma matsa da yatsunka kusa da fikof na baya.

Amf ɗin nan naka ne kai da mai ganga, ka ɗora shi a kan benci ko ka karkata shi ya dubi kunnenka. Taro kuwa aikin manyan lasifikoki ne. A miksa a tabbatar LOW CUT, maɓallin da ke yanke ƙasan sauti, a kashe yake a layin bes, a kunne yake a layukan mawaƙa. Kuma gaskiya ɗaya ko da a kanmu ce: mu masu kibod hannun hagunmu yana shiga gonar mai bes. Ka ce wa naku ya ɗaga hannunsa sama in kana kaɗawa.

Anti Mai Amshi:
To sitabilaiza fa? Kowace ƙungiya na gani tana yawo da ita.

Injiniya Mai Miksa:
Tana da amfani in wuta tana hawa da sauka a hankali, Anti, amma ba ta cire ƙugi, ba ta kuma hana jan leɓe. In fitilu suna lumshewa duk bugun babbar ganga, janaretan ne ya yi ƙarami. Ku tara wat ɗin da ke rubuce kusa da inda wayar wuta ke shiga kowace na'ura, ku ƙara rabinsa a kai, kada ku karɓi wanda bai kai haka ba. Ɗan ƙaramin nan mai cin fetur haɗe da baƙin mai a bar shi ga fanka. A tayar da janareta ya daidaita, a kunna miksa, amf su zo ƙarshe. Wajen kashewa amf ne farko, kuma a kashe su kafin mai ya ƙare, don lokacin da inji yake tari wuta hauka take yi.

Ɗan Tumfure:
Allah ya saka da alheri, iyayena. Na buɗe ekstenshin ɗinmu, waya biyu ce a ciki. Zan haɗa sabo in nemi DI. In kuɗi ya ragu, in ƙara wa amf ɗin wata sifika?

Mai Kibod na Bolari:
Sai in akwai ramin EXT SPEAKER a bayansa, ka kuma karanta abin da aka rubuta a gefen ramin. Sifika biyu masu om 8, wato ma'aunin tirjiyarsu ga wuta, in an haɗa su suna komawa om 4, in amf ɗin yana karɓar 4 to lafiya, kuma za ka ji bambancin fiye da na wat 200 a sifika ɗaya. Mai 8 da mai 4 kuwa wajen 2.7 suke bayarwa, amf zai yi zafi ya kashe kansa ko ya ƙone. In babu ramin, kada ka bari a fasa akwatin a jona maka. Ka haɗa da wayar sifika mai jijiya biyu masu kauri, ba wayar jita ba, ko da bakinsu iri ɗaya ne. Ta jita jijiyarta siririya ce, zafi za ta yi ta narke.