Karin Maganar Juma'a da Laraba a Kan Malam-buɗe-littafi

Mai tambaya: Jama'a, na ji an kawo karin maganar nan, "Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta," a kan malam-buɗe-littafi, wai yanayin watannin baya ne ke nuna ko za a gan su da yawa a lokacin zafi. Shin ta dace a nan?

Wani dattijo: Ta dace, ɗana. Larabar wannan ƙwaro ita ce lokacin da yake tsutsa yana cin ganye; idan sanyi da ruwa suka yi yawa a sannan, tsutsar takan daɗe ba ta girma ba, tsuntsaye da cututtuka su samu damar rage ta. Akwai ma nau'in Vanessa cardui mai ƙetare Sahara zuwa Turai, wanda masana suka gano cewa yalwar tsirrai a kudancin hamadar tana nuna yawan waɗanda za su isa can bayan wasu watanni.

Wata malama: Baba, a gafarce ni, alama takan yaudari mai kallo. A 1976 an yi tsananin zafi da fari a Birtaniya, aka ga malam-buɗe-littafi ko'ina, har mai gani ya ɗauka alheri ne ya sauka, alhali ganyen da tsutsotsinsu za su ci ya bushe; shi ya sa a 1977 nau'o'i da dama suka ragu ƙwarai.

Wani ɗalibi: Malama, akwai kuma bambanci tsakanin yawansu da ganinsu. Ba sa tashi sosai sai jikinsu ya ɗumama zuwa wajen digiri 30, don haka ranar da hadari ya rufe rana suna nan lafe a ƙarƙashin ganye.

Dattijo: Ai misalinki, 'yata, goyon bayana ya yi, domin wanda ya dubi busasshen ganye a 1976 ya riga ya san yadda 1977 za ta kasance.

Malama: Na yarda da wannan, Baba, amma me za mu ce da Janairun 2002, lokacin da ruwan sama ya jiƙa nau'in monak a duwatsun Meziko, sanyi ya biyo baya, miliyoyi suka mutu cikin 'yan kwanaki? Babu ganyen da za a duba a hango wannan, don haka ni dai ba zan kawo karin maganar a irin wannan wuri ba.